Auta, Wa Ya Ce Maka Kiɗan Kantiri Na Turawa Ne Kaɗai?

Ina gaida kowa da kowa a gida, Baba da Inna, yayye da ƙanne, da abokan arziki. Da fatan damina tana yin albarka. Ni dai ina nan lafiya, sai godiyar Allah.

Wasiƙar yau ta faɗa ce, kuma da ƙanena Auta zan yi shi, ku ku zama alƙalai.

Akwai wani faifai da nake ji da shi, sunansa Sweetheart of the Rodeo, na ƙungiyar mawaƙan Amurka da ake kira The Byrds. Ya fito ranar 30 ga Agusta, 1968, kuma duk shekara idan ranar ta zagayo nakan saka shi tun daga waƙar farko har ta goma sha ɗaya. To bana ina cikin ji sai ga kiran Auta. Da ya jiyo kiɗan sai ya kwashe da dariya, ya ce, "Haba Yaya! Duk kaɗe-kaɗen da ke Amurka ka rasa wanda za ka ji sai na turawan ƙauye masu ƙin jinin baƙar fata?" Kafin in ba shi amsa layi ya yanke. To Auta, ga amsarka, sai ka gyara zama.

Da farko bari in gaya maka abin da ka yi wa dariya. A 1965 The Byrds suna kan ganiyarsu a kiɗan rok, har sau biyu waƙarsu tana zama ta ɗaya a Amurka. A farkon 1968 sai ƙungiyar ta rage saura mutum biyu cikin na asali, Roger McGuinn da Chris Hillman. Suka ɗauko wani yaro ɗan shekara 21 mai suna Gram Parsons don ya riƙa kaɗa musu fiyano. Shi da Hillman suka shawo kan McGuinn aka tafi Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, a watan Maris, aka soma ɗaukar faifan. Suka gayyato gwanaye irin su Lloyd Green, mai kaɗa jitar nan da ake kwantarwa kamar tebur, ana goga mata ƙarfe a kan tsirkiya ana taka ta da ƙafa. Ita ce ke yin wannan kukan mai jan rai da ka jiyo ta waya.

Ka san yadda mutanen Nashville suka karɓe su? Ranar 15 ga Maris, 1968, suka hau dandamalin Grand Ole Opry, shirin rediyon da ya fi kowanne daraja a wurin masu kantiri. Sai da suka rage gashin kansu don kada a ce musu 'yan iska. Duk da haka aka yi musu ihu, wasu na kwaikwayon kukan tsuntsu, tun da sunan ƙungiyar ya yi kama da kalmar tsuntsaye a Turanci. Mai gabatarwa ya sanar cewa za su yi wata waƙa ta Merle Haggard, sai Parsons ya juya ya rera tasa, Hickory Wind, ya ce don kakarsa ce. Masu shirin suka fusata. Da faifan ya fito, masu son rok ma suka juya masa baya, ya tsaya a lamba ta 77 a jerin Billboard. Waɗannan sun ce kiɗanmu ne, wa ya gayyato ku? Waɗancan sun ce kun bar namu kun koma na 'yan ƙauye. Kowane ɓangare ya ɗauki sanda ya tsaya gadin ƙofa.

Auta, maganarka da ta masu ihun nan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Su sun ce mai dogon gashi ba ya kantiri, kai ka ce mai baƙar fata ba ya jin kantiri. Ka taya su gadin ƙofar da ba a ɗauke ka aiki ba, kuma ba albashi.

Yanzu mu zo kan maganar "na turawa ne". Ɗauko hoton banjo ka duba. Ƙoƙo ne aka rufe da fata, aka sa masa sanda da tsirkiya. Me ya tuna maka? Duk wanda ya taɓa ganin gurmi ko molo ko kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos zai gane dangi ne. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma su suka ƙera banjo a tsibiran Karibiyan da Amurka, da ƙwarya, kuma masu bincike suna nuna kamanninsa da akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya. Wannan banjo yana nan cikin faifan da ka raina. Hank Williams, wanda ake ɗauka uban kantiri na zamani, wani baƙin makaɗin titi mai suna Rufus Payne ne ya koya masa jita a jihar Alabama. Iyalan Carter, da suka soma faifai a 1927, baƙar fata ne, Lesley Riddle, ya riƙa raka maigidansu ƙauyuka neman tsofaffin waƙoƙi, shi yana haddace karin. A 1962 Ray Charles ya yi faifai sukutum na waƙoƙin kantiri, ya kuma zama na ɗaya a Amurka.

A cikin Sweetheart of the Rodeo ɗin kansa, waƙar da ta fi taɓa ni ita ce You Don't Miss Your Water. Wa ya rubuta ta? William Bell, baƙar fata daga Memphis, ya fitar da ita a kamfanin Stax a 1961. Waƙar nadama ce ta wanda ya wulaƙanta masoyiyarsa, bai san darajarta ba sai da ta tafi. The Byrds suka ajiye ta kusa da ta Louvin Brothers da ta Woody Guthrie da biyu na Bob Dylan, kuma in ba a gaya maka ba, ba za ka ce ga baƙuwa a cikinsu ba. Abin da Parsons yake nema ke nan, ya nuna cewa kukan talakan bature da na talakan baƙar fata a kudancin Amurka rijiya ɗaya suke ɗiba. Kuma an yi wannan a shekarar da aka kashe Martin Luther King a Memphis ɗin nan.

Ba zan ci haƙƙinka ba, akwai gaskiya a cikin maganarka. DeFord Bailey, baƙin mai busa hamonika, yana cikin taurarin Opry na farko, amma a 1941 aka sallame shi, ya koma goge takalma a Nashville. Da Charley Pride ya soma fitar da waƙa a 1966, an aika faifansa gidajen rediyo ba hoto, don kada a ga fatarsa. Su kansu The Byrds sun tafi Afirka ta Kudu a watan Yuli na 1968 lokacin mulkin wariya, kuma sun yi wasa a gaban jama'ar da aka ware. Parsons ya ƙi zuwa, ya bar ƙungiyar, ya ce saboda wariyar ce, ko da yake Hillman ya ce so yake ya zauna Landan wurin su Keith Richards. Parsons ɗin ma ba waliyyi ba ne. Ɗan masu kuɗi ne, ƙwaya da giya suka kashe shi a 1973 yana da shekara 26. Duk na yarda. Amma in an kori mutum daga gidan da ya taya ginawa, shi ke nan sai danginsa su ce ai dama gidan ba nasu ba ne? Wannan ai ba wa ɓarawo takardar shaida ce.

Kuma ma, Auta, tun yaushe kunnenka ya soma duba fasfo? Ka manta kasetin Don Williams da ke cikin tsohuwar fijon Baba, wanda muka ji har ya tsinke aka liƙe shi? Su Jim Reeves da Kenny Rogers da Dolly Parton, Nijeriya ta karɓe su hannu biyu tun ba a haife ka ba. Kai kuma da ke min dariya, waƙar Indiya nawa ka haddace ba ka san ma'anar kalma ɗaya ba? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni ina ganin abin da ya sa kantiri ya shige mu ba boyayye ba ne. Zancen gona ne da shanu, da uwa, da bashi, da kurkuku, da tuba, da kewar gida. Hickory Wind zancen wanda ya bar garinsu ne yana tuna itatuwan da ya hau yana yaro. Daren farko da na ji ta cikin hunturu a nan, tsamiyar ƙofar gidanmu na gani, ba wata jihar Karolina ba.

Faifan da aka yi wa ihu, lokaci ya rama masa. Parsons da Hillman suka kafa Flying Burrito Brothers, suka fitar da faifai a 1969. Daga cikinsu Bernie Leadon ya fita ya shiga kafa Eagles a 1971, waɗanda suka kwashi kuɗin da The Byrds ba su gani ba. A 2018 McGuinn da Hillman suka zagaya Amurka tare da Marty Stuart don bikin cikar faifan shekara 50, har da wasa a ɗakin Ryman, inda aka taɓa yi musu kukan tsuntsu. Sai ga shi a 2025 Beyoncé, baƙar fata 'yar Texas, ta lashe Grammy na faifan kantiri mafi kyau da Cowboy Carter, kuma a nan ma an samu masu cewa ba gidanta ba ne. Masu gadin ƙofa ba sa ƙarewa, fuska kawai suke canzawa. Kada in ƙara jin ka a cikinsu.

Ban ce dole ka so shi ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da nake nema ɗan kaɗan ne. Faifan minti talatin da 'yan kai ne kawai. Ka nemo shi, ka ji shi da dare bayan isha'i, sa'annan ka bugo mu yi magana. In ka ce bai yi maka daɗi ba, na yarda, kunnenka ne. In kuwa ka sake cewa ba namu ba ne, to takalmin ƙwallon da na yi maka alkawari sai dai ka gan shi a ƙafar ɗan Kawu.

A gaida Inna, a ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Naku,
Yayan Auta, daga Amurka