Gidan birai: a gama shiri kafin a buga ganga

A watan Afrilu na 2025, birai uku sun sauka ƙasar Faransa daga ƙasar Sin, namiji ɗaya da mata biyu. An kai su gidan namun daji na Beauval, a tsakiyar ƙasar. Wani irin biri ne mai gashi ruwan zinariya, da shuɗiyar fuska, da ɗan hanci a ɗage. Mazauninsa manyan duwatsun tsakiyar Sin ne, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa lokacin ɗari. Wannan ne karo na farko da aka nuna irinsa a Turai, kuma aro aka bayar na shekara 10.

Jaridu da talabijin sun yi ta yayata labarin. Amma abin lura a nan shi ne yadda aka jera aikin. An gama gina wurin zamansu tun ba su iso ba. Da suka iso, aka killace su wajen wata guda, likitocin dabbobi na duba lafiyarsu. Sai bayan haka aka buɗe ma ƴan kallo ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk da haka akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: biri uku cikin shinge, wane amfani za su yi ma ƴan'uwansu da ke daji? Ƙasar Birazil ta ba da amsa. A dajin gaɓar teku, kusa da birnin Riyo, akwai wani ɗan ƙaramin biri mai geza kamar ta zaki, wanda nauyinsa bai kai kilo guda ba. A shekarun 1970 waɗanda suka rage a daji ba su wuce kimanin 200 ba, saboda sarar itace da kamu don sayarwa. Gidajen namun daji na ƙasashe da yawa suka haɗa kai, suka yi kiwonsu har suka hayayyafa. Daga 1984 aka fara maida su daji, aka saki kusan 150 cikin shekaru 16, tare da dasa itatuwa don haɗe guntayen dajin da suka saura. Ƙidayar da aka bayyana a 2023 ta sami kimanin 4.800. Ashe shinge na da amfani in hanya ce ta komawa daji. In kuwa ya tsaya ga kallo da karɓar kuɗin shiga, to, kurkuku ne mai fenti.

Wannan magana ta shafi Nijar. A Yamai akwai Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama tun 2008. Cikin harabarsa akwai zakuna, dorina, kadoji, tsuntsaye da birai. Ga yaran birni da yawa, nan ne kaɗai suke ganin naman daji ido da ido, balle yanzu da rashin tsaro ya taƙaita zuwa gandun dajin W.

Nijar ba ta bukatar aron biri daga nesa. Tana da nata. Akwai bika, mai tafiya garke-garke. Akwai kirka, mai zama kusa da ruwa. Akwai jan biri, wanda babu birin da ya kai shi gudu a duniya, don yana kaiwa kilomita 55 a awa. Ana samun su duka uku a gandun W, wanda aka kafa a 1954. Har cikin duwatsun Ayar akwai jan biri, ragowar zamanin da Sahara ke da ruwa da ciyawa. Manomi na iya cewa biri bai yi ƙaranci ba, tun da yana ganin ɓarnarsa cikin hatsi da gyaɗa. Kukansa gaskiya ne. Amma a wurare da yawa dajin ne ya ƙare, gona ta ci wurin kiwon biri, shi kuma ya faɗo gona. A 2020 masana sun sa jan biri cikin jerin dabbobin da suka kusanci haɗari. Wanda ke da yawa jiya yana iya zama abin nema gobe.

Saboda haka, duk ranar da hukuma ta tashi gina sabon wurin birai, a Yamai ko a wani gari, ya kamata a kiyaye abu huɗu.

Na farko, wurin zama. Biri dabbar zumunci ce. Jan biri na zama namiji guda da mata da dama da ƴaƴansu. In an ware shi shi kaɗai cikin ƙaramin keji, sai ya lalace, ya riƙa kai da komo ko tsige gashin jikinsa. Yana bukatar fili, da itacen hawa, da inuwa, da wurin ɓuya daga idon mutane. A Yamai zafin bazara na wuce digiri 40. Kejin kwano ba ruwa a irin wannan lokaci azaba ne.

Na biyu, kuɗin yau da gobe. Gini na kwana kaɗan ne, ciyarwa ta kullum ce. Kafin a aza tubali, a rubuta cikin kasafi abin da za a kashe kowace shekara ga abinci, da ruwa, da magani, da albashin masu kula. A tanadi likitan dabbobi da ɗakin killace sabon zuwa, domin cututtuka irin su tarin fuka na ratsawa tsakanin mutum da biri.

Na uku, inda za a samo birai. Kada a saya daga hannun mafarauta. Sau da yawa ɗan birin da ake talla da igiya a ƙugu, sai da aka kashe uwarsa aka ɗauko shi, kuma duk wanda ya saya ya aiki mafarauci ya koma daji. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta kayyade cinikin namun daji tun 1975, tana kuma da dokar farauta ta 1998. Biran da ma'aikatan gandun daji suka ƙwace bisa doka su ne suka fi cancantar wannan wuri.

Na huɗu, shi ne talla, kuma da gangan ya zo ƙarshe. Yayatawa ba laifi ba ce, don kuɗin shiga na taimaka ma ciyarwa. Amma a yi ta da ilimi. A rubuta alluna da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci, ba da Faransanci kaɗai ba, don wanda ya yi yaƙi da jahilci ya karanta ma iyalinsa sunan biri, da abincinsa, da inda yake zaune. Rediyo ya yi bayani. Malamai su kawo ƴan lakwal. A hana jifa, da tsokana, da miƙa ma biri alewa ko leda. A ware wani kaso na kuɗin shiga don tsaron daji da taimakon manoman da ke makwabtaka da shi.

Ranar buki ba ta nuna ko aiki ya yi kyau. Sai bayan shekara biyu ko uku ake ganewa: in birai na da ƙoshin lafiya, in sun haihu, in yaron da ya zo kallo ya koma gida ya ƙi sayen ɗan biri a bakin hanya. Alhakin wannan na wuyan hukumomi da ma'aikata, tun daga ranar da aka zana gini bisa takarda.