Wuƙar Hitila a kasuwar Maigatari? Mu daina yaudarar kanmu

1/ Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari wani ya zare min wuƙa daga kube, wai "wuƙar sojan Hitila ce, kakana ya kawo daga yaƙi." Kuɗin da ya sa mata ya fi na ɗan maraƙi. Kuma wallahi akwai masu tayawa. Ku matso mu yi magana.

2/ Tambayar farko: kakan naka ina ya je yaƙin? Mazan jiyanmu na Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar da Ingila ta ɗiba, Habasha suka je suka kara da Italiya, sai Bama, runduna ta 81 da ta 82, daga 1943 zuwa 1945. Japanawa ne a gabansu. To a dajin Bama wane Bajamushe ya yar da wuƙarsa?

3/ In ka ce min kakan naka mutumin Damagaram ne, sojan Faransa, zan saurare ka, don su sun yi gaba da gaba da Jamusawa. Ko ka ce wuƙar bakin bindiga ce daga yaƙin Kamaru, Garwa 1915, Mora 1916. Wannan zamanin sarkin Jamus ne, Hitila bai hau ba sai 1933.

4/ Na karɓa na duba. An buga GERMANY a jikinta, da Turanci. Haba Malam! Bajamushe zai ƙera wa sojansa wuƙa ya rubuta sunan ƙasarsa da yaren abokin gaba? Tambarin kayan fitarwa waje ne wannan.

5/ Ta gaske yawanci a garin Solingen aka yi ta, kuma maƙerin yana sa alamarsa. Eickhorn kurege ne, WKC hular kwanon jarumi. Na jam'iyya daga baya suka koma RZM da lamba, irin M7/66. Ƙota da ruwan wuƙa a haɗe suke tsaf, ba gibi, ba girgiɗi. Tasa kuwa tana rawa kamar haƙorin tsohuwa.

6/ Ko tambarin ma ba hujja ba ne. Bayan 1945 an yi ta harhaɗa ragowar kayan masana'anta ana sayar wa sojan Amurka tsaraba. Jabu ya girmi babanka.

7/ Sannan a ce ma ta gasken ce. Alfaharin me? Mutanen da a Yunin 1940 suka ware baƙaƙen sojojin Faransa a Chasselay suka harbe su bayan sun miƙa wuya, tambarinsu za ka rataya a falo?

8/ Abin da ke ƙona min rai shi ne, ƙarfen Jamus na gaske yana cikin gidajenmu tun kafin a haifi Hitila. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Gumel a 1851. Ya ƙiyasta ruwan takobi 50,000 ke shiga Kano duk shekara, akasari daga Solingen, ta hamada. Maƙeranmu da dukawa su yi masa ƙota da kube.

9/ Waɗannan takubban, masu alamar jinjirin wata biyu, su aka yi yaƙin Gumel da Haɗeja da su. Yau magada na miƙa wa 'yan jari-bola a kan kilo, ko a kai wa maƙeri ya sare ya yi lauje.

10/ Mai wuƙar ya ce in ba zan saya ba in ba shi wuri. Na tambaye shi takobin gidansu fa? Ya ce an sayar bara, an sa kuɗin a cajar waya da buhun taki.