Farautar ɓoye da salula: wasan da zai amfani Tasawa da Mayahi

A farkon watan Mayu 2000, gwamnatin Amurka ta janye dabaibayin da sojojinta suka yi wa GPS, na'urar nan da ke nuna wa mutum inda yake tsaye a doron ƙasa. Kafin ranar, kuskurenta yakan kai mita 100. Daga nan ya sauko wajen mita 10. Ranar 3 ga watan, wani Ba'amurke mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti cikin dajin Oregon, ya bayyana lambobin wurin, ya ce mai iyawa ya nemo. Nan ne asalin wasan farautar ɓoye, wanda ya bazu cikin duniya, har a 2016 wasan Pokémon Go ya fitar da miliyoyin matasa kan tituna, kowa da waya a hannu.

Aikin na'urar ba shi da wuyar ganewa. Taurarin ɗan adam da ke shawagi sama da kilomita 20.000 suna aiko da sigina. In wayar ta kama huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa wurin da take. Wannan ba ya buƙatar rezo ko kuɗin kati, muddin an sauke taswira tun daga gari.

Abin da ke nishaɗi a wasu ƙasashe, a gundumomin Tasawa da Mayahi yana iya zama makaranta. Ƴan lakwal sun haddace cewa an harbe kanal Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli 1899, kuma Voulet da Chanoine sun mutu a hannun sojojinsu kwanaki kaɗan bayan haka. Amma nawa ne cikinsu suka taɓa tsayawa gaban kaburburan nan biyu na Maijirgi? Nawa suka san matafiyi Barth ya sauka Tasawa a 1851? Gani ya kori ji.

Shirin ba ya son kuɗi da yawa. Malami ya zaɓi wurare biyar ko shida: tsohuwar rijiya, kufai, gindin goriba a Gulbin Kaba, kasuwar ƙauye. Ya ɗauki lambobin kowane wuri, ya ba shi da'irar mita 20 saboda kuskuren waya. Yara su kasu ƙungiya-ƙungiya, waya ɗaya ga kowace. A kowane zango akwai kacici-kacici wanda amsarsa tana bakin dattijon wurin. Sai an gaishe shi an saurara, sannan ya ba da lambobin zango na gaba. Sharuɗɗa uku ne: a nemi izinin maigari, a yi wasan bayan an kawar da amfanin gona, a kuma kiyaye alfarmar maƙabarta da wuraren ibada.

Babbar ribar tana ga sha'anin ƙasa. Tun dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, hukumomin filaye da aka sani da COFO ne ke shata burtali da makiyaya, kuma da GPS ake ɗaukar iyakokin kafin a kafa turakun siminti. Jihar Maradi ba ta manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a 1991. In ɗan manomi da ɗan makiyayi suka bi turakun burtali tare cikin wasa, suka karanta lamba ɗaya a waya ɗaya, gobe da wuya wani ya ruɗe su a kan inda gona ta ƙare.

Saura ga ma'aikatan ilimi su ba da rana, ƴan kasuwa su ba da littattafai da alƙaluma a matsayin tukuici. Dattawan da suka san sunan kowace rijiya suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya sa a farga da wuri.