Kafin a ƙara wa mai ciwon suga ruwa, a fara auna sugan

A Rogo Sabon Gari, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Wannan ya zo da lemon kwalba, wancan da madarar gwangwani, wata ta damo fura ta zamba mata suga don marar lafiya ya ji ƙarfin jikinsa. Can kuma sai wani babba a gidan ya ce, "A kai shi a ƙara masa ruwa, jikin ya yi sanyi."

Duk wannan alheri ne. Amma idan wanda ke kwance yana da ciwon suga nau'i na biyu, kuma wata babbar cuta ce ta kayar da shi, kamar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko tarin fuka, ko ciwon ƙoda, ko ciwon daji, ko shanyewar ɓarin jiki, to alherin na iya komawa illa.

Abin da ya fi yawan faruwa shi ne hankalin kowa ya koma kan sabuwar cutar, a jingine maganar suga sai an warke. Shi kuwa suga ba ya jira. A daidai wannan lokacin ne ya fi yin ɓarna. Don haka bai kamata a ɗaura wa mai ciwon suga ledar ruwa, ko a yi masa allura, ko a bar shi kan ƙwayoyinsa na kullum ba, sai an ɗigi jinin yatsarsa an ga inda sugan yake.

Bai ci komai ba, me ya hau da sugan?

Wannan ita ce tambayar da ke rikita iyalai. Dattijo ya kwana uku bai sa komai a baki ba, aka auna, aka ga suga ya yi sama. Sai a ce na'urar ce ta lalace.

Na'urar lafiyarta ƙalau. Idan jiki ya shiga yaƙi da cuta, yakan saki wasu sinadarai, irin su kotisol da adiranalin, waɗanda ke sa hanta ta zubo sugan da ta ajiye cikin jini, su kuma rage wa insulin ƙarfi. Mai lafiya jikinsa zai ƙara yawan insulin ya daidaita. Mai ciwon suga nau'i na biyu kuwa dama insulin ɗinsa ba ya isa, ko ba ya aiki yadda ya kamata.

Idan suga ya wuce kimanin 180 a ma'aunin da ke nuna ɗaruruwa, ƙoda kan fara zubar da shi ta fitsari, shi kuma ya ja ruwan jiki ya tafi da shi. Majinyaci ya yi ta fitsari, ƙishirwa ta dame shi, baki ya bushe. In ga zazzaɓi ko amai ko gudawa a kai, ruwan jikin sai ya ƙare da sauri. A cikin 'yan kwanaki suga na iya haura 600, jini ya yi kauri, mutum ya fara gyangyaɗi da sambatu, daga nan sai dogon suma. Tsofaffi ya fi kamawa, kuma da yake a hankali yake zuwa, sai a ɗauka jikin tsufa ne ko iska.

Ko bai kai nan ba, suga mai yawa na raunana garkuwar jiki. Shi ya sa gyambon ƙafa ke ƙin warkewa, ɗinkin tiyata ya ruɓe, maganin kashe ƙwayoyin cuta ya yi kamar ba ya aiki.

Magani ma na iya hau da shi, ko ya kayar da shi

Ledar ƙarin ruwa iri-iri ce. Akwai ta ruwan gishiri, akwai ta gulukos. Leda ɗaya mai rabin lita ta gulukos kashi 5 cikin 100 na ɗauke da giram 25 na suga, wato kusan ƙaramin cokali shida, kuma kai tsaye take shiga jijiya. Akwai lokacin da mai ciwon suga ke buƙatar wannan ledar, idan sugansa ya faɗi ko ana ba shi ita tare da insulin. Akwai lokacin da za ta jefa shi cikin suma. Awo ne kaɗai ke raba gardama.

Sai magunguna irin su dexamethasone da prednisolone. Likitoci na ba da su ga masu asma, da masu ciwon daji, da wasu masu ciwon gaɓoɓi, kuma suna ceton rai. Amma suna hau da suga ƙwarai, musamman daga rana zuwa yamma idan an sha da safe. Mai auna sugansa da asuba kaɗai zai iya ganin komai daidai alhali da la'asar ya yi sama. Waɗannan magunguna kan shiga cikin haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya ba tare da takardar likita ba, mai sha bai ma san ya sha ba.

Tarin fuka shi ma abokin tafiyar ciwon suga ne. Mai ciwon suga ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da tarin ninki biyu zuwa uku, kuma rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin, na rage ƙarfin wasu ƙwayoyin suga. Tun a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa auna sugan masu tarin fuka, a kuma riƙa binciken tarin a jikin masu ciwon suga.

Ɗaya ɓangaren ma haɗari ne. Ƙwayar glibenclamide tana tilasta wa jiki fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Majinyacin da ya daina cin abinci amma ana ci gaba da ba shi ita, musamman tsoho ko mai matsalar ƙoda, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70, ya yi gumi, ya yi rawar jiki, ya suma. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na kayar da suga, haka ma maganin kwinin.

Ita kuma metformin, wadda mafi yawan masu nau'i na biyu ke sha, magani ce mai kyau a ranakun lafiya. Amma idan ruwan jiki ya ƙare, ko ƙoda ta raunana, ko cuta ta shiga jini, likitoci kan dakatar da ita na ɗan lokaci, domin tana iya tara wani sinadari mai tsami a jini.

Ke nan sugan da ya hau da wanda ya faɗi duk suna iya kai mutum ga suma, kuma da ido ba a cika bambance su ba. Maganin ɗaya kuwa guba ne ga ɗayan.

Ba a ce a kore shi har ƙasa ba

Wani zai ɗauka mafita ita ce a danne suga da ƙarfi har ya koma irin na mai lafiya. Likitoci sun gwada hakan, sun ga illarsa. A 2009 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna NICE-SUGAR, wanda aka yi kan majinyata sama da 6,000 a ɗakunan kulawa ta musamman a Ostireliya da New Zealand da Kanada. Waɗanda aka matsa wa sugansu ya zauna tsakanin 81 da 108 sun fi mutuwa a kan waɗanda aka bari ƙasa da 180. Shi ya sa a yau, ga mafi yawan majinyatan da ke kwance a asibiti cikin mawuyacin hali, ana neman suga ya zauna tsakanin 140 da 180.

Ga wanda cutarsa ta yi nisa, likitoci suka ce sai dai a lallaɓa, manufar ma takan sauya. Ba a damunsa da tsauraran dokokin abinci ko yawan huda yatsa. Abin da ake so shi ne kada sugan ya faɗi, kada kuma ya hau har ya hana shi sakat da ƙishirwa da fitsari. Hana irin wannan majinyaci ɗan kunun da ransa ke so, da sunan kare shi daga suga, ba tausayi ba ne.

Tsoron allurar insulin

Da yawa daga cikin masu nau'i na biyu na ganin ranar da aka fara yi wa mutum insulin, ranar ce ciwonsa ya kai ƙarshe. Ba haka ba ne. Insulin, wanda aka gano a Toronto ta Kanada a 1921, shi ne abin da likita ya fi iya sarrafawa a lokacin babbar jinya, domin ana iya ƙara shi ko rage shi gwargwadon awo. Mutane da dama kan koma kan ƙwayoyinsu bayan sun warke.

Uzurin rashin wutar lantarki ma yana da amsa. Wani nazari da cibiyar Cochrane ta fitar a 2023 ya nuna cewa wasu nau'o'in insulin da ba a buɗe ba kan kai wata shida a zafin digiri 25, ko wata biyu a digiri 37, ba tare da ƙarfinsu ya ragu sosai ba, kuma tukunyar ƙasa na taimakawa wajen sanyaya su. Dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ba baƙuwa ba ce a Arewa. Da ita Mohammed Bah Abba, malami daga Jihar Jigawa, ya ci lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Maganar kuɗi gaskiya ce

Za a ce duk wannan magana ce ta masu hali. Manomin Zoza ko Fulatan ko Gwangwan da ya sayar da buhunan masara don jinyar mahaifinsa, ina zai samo kuɗin tsinken awo? Ƙorafin na kan hanya. Daga waje ake shigo da insulin da mafi yawan na'urorin da tsinkensu, kuma faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta tayar da farashinsu. Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon suga sun kai miliyan 830 a 2022, kuma fiye da rabinsu ba sa shan magani.

Amma a auna ɗayan gefen. Rogo na can gefen Jihar Kano, kusa da iyakar Kaduna da Katsina. Idan majinyaci ya suma, ana maganar shatar mota zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala, ko Shika ta Zariya, ga kuɗin gado, ga masu zaman jinya da suka bar gona da kasuwa. Tsinken awo nawa wannan kuɗin zai saya?

Nan ne hukuma ke da aiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun tallafa wa asibitocin matakin farko. Jihar Kano na da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi. Ba abu ne mai wuya ba a tabbatar kowane ƙaramin asibiti a mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Rogo, da na Ƙaraye, na da na'urar awo mai aiki da tsinken da ba ya yankewa, a kuma mayar da shi ƙa'ida cewa duk babban da ya zo a galabaice sai an auna sugansa kafin a ɗaura masa ruwa. Masu kemis, waɗanda su ne zangon farko ga mafi yawan mutane, ya kamata tambayarsu ta farko ta zama, "Baba, kana da suga?"

Abin da masu zaman jinya za su riƙe

A gaya wa kowane ma'aikacin lafiya cewa majinyacin na da ciwon suga, a kuma tafi da duk magungunansa a leda, har da na gargajiya.

A san ma'aunin na'urar gida. Wata na nuna ɗaruruwa, wata ƙananan lambobi. A raba babbar lamba da 18 a samu ƙaramar: 180 daidai yake da 10, 70 kuma kusan 4.

A riƙa auna suga kamar duk bayan awa huɗu idan jiki ya yi zafi, a rubuta a takarda da lokaci. A riƙa ba shi ruwa zalla a kai a kai, sai dai in likita ya taƙaita masa saboda ƙoda ko zuciya. In ba ya iya cin tuwo, a ba shi koko ko kunu kaɗan-kaɗan.

Wanda ke kan insulin kada ya daina don kawai bai ci abinci ba. A nemi ma'aikacin lafiya ya gyara adadin. Mai shan ƙwayoyi kuma, in amai ko gudawa suka kama shi, a tambaya a ranar ko zai dakata.

In suga ya faɗi ƙasa da 70 kuma yana cikin hayyacinsa, a jiƙa ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na suga a ruwa a ba shi, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki. In kuwa sugan ya haura 300 ya ƙi sauka, ko amai ya ƙi tsayawa, ko majinyaci ya fara ruɗewa, asibiti za a nufa a lokacin, ba sai gari ya waye ba.

Su kuma masu zuwa dubiya, babu wanda ya ce su zo hannu rabbana. Kuɗin da 'yan'uwa uku za su kashe kan lemon kwalba, in suka haɗa, zai rage wa gidan nauyin sayen tsinken awo. A tambayi mai zaman jinya irin na'urar da suke da ita kafin a saya, domin kowace na'ura da irin tsinkenta.