Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ƙananan Hukumomi Da Kansilolin Arewa: A Rubuta Ƙa'ida Kafin A Miƙa Wa Ƙungiya Tallafi



Masu girma shugabanni da kansiloli, na rubuto ne kan tallafin da kuke bai wa ƙungiyoyin taimakon kai da kai, da na mata, da na matasa, da na 'yan sintiri. Magana ce da ake gani ƙarama a majalisa, amma a unguwa ita ce ke gyara zumunci ko ta ɓata shi.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba ta hannun gwamnoni ba. Kason nan kashi 20.6 cikin ɗari ne na abin da ake rabawa. Aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya, amma jama'a sun riga sun ji labari, kuma duk wanda ke shiga sakatariya ya ga yadda takardun neman taimako ke taruwa a teburin ciyaman. Wannan ƙungiya na son katange maƙabarta, waccan na son yashe magudanar ruwa kafin damina, wata na son injin markaɗe, wata kuma fitilu da takalman sintiri. Ba za ku iya biya wa kowa ba. Tambayar ita ce da wane ma'auni za ku zaɓa, kuma me za ku nema daga wanda kuka ba.

A wurare da yawa ma'aunin shi ne sanayya. Wanda ya san kansila ya samu, wanda bai san kowa ba ya koma gida da takardarsa. Ana miƙa kuɗin a ambulan wurin taro, a ɗauki hoto, a watse. Babu wanda ya rubuta me za a yi da su, babu wanda zai dawo ya duba. Bayan wata shida sai ka ji ƙungiyar da ta shekara goma tana aikin gayya ba ta taɓa faɗa ba ta dare gida biyu, ana nuna ma'aji da yatsa, wataƙila ma bai ci ko kwabo ba, illa dai ba shi da takardar da zai wanke kansa da ita. Wannan ɓarna ce da ta fi asarar kuɗin zafi, domin kuɗi ana sake samu, amma mutanen da suka daina yarda da juna ba sa sake fitowa da shebur ranar Asabar.

Shawarata ita ce kowace majalisa ta zauna ta yi dokar tallafi a rubuce, da Hausa, a kan shafi biyu ko uku, a liƙa ta a sakatariya da ƙofar gidan kowane dagaci, a karanta ta a rediyo. Ba sai kun ƙirƙiro sabon abu ba. Shirin CSDP, wanda Bankin Duniya ya tallafa kuma ya fara aiki a 2009, ya gwada tsari a ƙauyukan jihohinmu: mutanen gari su taru su zaɓi aikin da suke so, su zaɓi kwamitin da zai riƙe shi da mata a ciki, su buɗe asusun banki, su kawo nasu kason, wanda a farkon shirin kashi goma cikin ɗari ne, sannan a riƙa sakin kuɗi kashi-kashi, ba a ba da na biyu sai an ga abin da aka yi da na farko. Ma'aikatan sashen raya al'umma na hukumominku da yawa sun yi aiki da wannan tsari. Ku kira su ku tambaye su.

Abu na farko da dokar za ta warware shi ne wace ce ƙungiya. Nan ake yawan kuskure ta fuska biyu. Wasu na ba duk wanda ya zo da takarda mai tambari, ko da ƙungiyar daren jiya aka haife ta a shagon buga takardu, mambobinta mutum ɗaya da ƙannensa. Wasu kuma na cewa sai mai rajistar Hukumar CAC. Rajistar ƙungiya a CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 tana buƙatar a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, ga kuɗin rajista, galibi ga na lauya, ga rahoton da za a riƙa kai wa hukumar kowace shekara. Matan da ke adashe suna sayen gyaɗa a ƙauye ba za su iya wannan ba, kuma su ne suka fi cancanta. Mafita ita ce ƙaramar hukuma ta riƙe nata kundin rajista a kan kuɗi kaɗan. Sharaɗin shiga: tsarin mulki a rubuce ko da shafi ɗaya ne, sunayen mambobi, littafin taro, shaidar mai unguwa da dagaci, da wani aiki da ƙungiyar ta taɓa yi da guminta wanda jami'i zai je ya gani da idonsa. A bar sharaɗin CAC ga masu neman manyan kuɗi.

Sai maganar hannun da kuɗin zai shiga. Kada a sake ba da tallafi tsaba, kada kuma a tura shi asusun shugaban ƙungiya, komai gaskiyarsa. A Yunin 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta taƙaita fitar da tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana, don a riƙa ganin sawun kowace naira. Hikimar da ta sa aka ɗaure ku ita ce za ta sa ku ɗaure wanda kuka ba. Asusu da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba a fitar da kuɗi sai biyu sun sa, kuma kada biyun su fito daga gida ɗaya. Wannan kariya ce ga ma'aji kafin ta zama kariya ga hukuma.

Abin da ke wuyan ƙungiya kuma a faɗa mata shi ƙarara tun kafin ta sa hannu. Kuɗin kwalbati na kwalbati ne. Ba a ara daga ciki don bikin suna ko jinyar mamba, ko da niyyar mayarwa, domin daga irin wannan aron ne yawancin rigingimu ke tasowa. In farashin siminti ya tashi ko buƙata ta sauya, a rubuto a nemi izini. Kowace sayayya da rasit, inda babu rasit kamar ladan leburori ko yashin amalanke, a rubuta a littafi mai karɓa ya dangwala. In aiki ya ƙare a tara mutanen unguwa a karanta musu abin da aka karɓa da abin da aka kashe, ragowar a mayar. Sannan a faɗi wanda zai kula da abin bayan an gama. Rijiyoyin burtsatse nawa ne suka mutu a garuruwanmu saboda ƙaramin gyaran da ba wanda aka ɗora wa? Ƙungiyar da ba ta da shirin tara kuɗin gyara, ko naira ashirin-ashirin ce a kan jarka, ba ta shirya karɓar rijiya ba.

Amma masu girma, ƙa'idar ba za ta yi daraja ba in ƙungiya kaɗai ta ɗaure. Ku ma akwai naku. Ku sa kuɗin tallafi a kasafin shekara da adadinsa, ku sanar da lokacin nema da lokacin rufewa. Kansilan da yake mamba ko uban wata ƙungiya ya faɗa, ya fita daga zauren in an zo kanta. Kada a tambayi ƙungiya jam'iyyar da mambobinta suka zaɓa, domin ruwan kwata in ya cika ba ya tsallake gidan ɗan adawa. Wanda aka hana a gaya masa dalili a rubuce don ya gyara ya dawo baɗi. Babban abu kuma, abin da aka rubuta shi za a miƙa. Jami'in da ya sa ƙungiya ta sa hannu a kan dubu ɗari biyar ya ba ta ɗari uku ya koya mata ƙarya da kansa, kuma ba shi da bakin neman rasit a wurinta gobe. A ƙarshen shekara a liƙa sunayen duk waɗanda suka samu da adadin da aka ba su, a kuma ajiye takardun inda babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha zai same su.

Akwai wani abu da nake jin tsoro. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora muku kula da maƙabartu, kasuwanni, tashoshin mota, magudanan ruwa da kwashe shara. Tallafin ƙungiya taimako ne a kan wannan nauyi, bai sauke muku shi ba. Kada a ba matasa dubu ɗari biyu su yashe kwatar da ke buƙatar injiniya da katafila, in ambaliya ta zo a ce ai an ba su kuɗi.

Game da hukunci, ina roƙon a bambanta kuskure da ha'inci. Sakataren da bai iya jera lissafi ba koyarwa yake buƙata, kuma yini guda na horo kafin a saki kuɗi zai rage rabin matsalar. Wanda ya ci da gangan kuwa a sa ya biya, a hana shi riƙe kuɗin jama'a, in ya ƙi a kai shi kotu, ko ɗan wane ne. Kada a rufe wa unguwa ƙofa gaba ɗaya saboda laifin mutum biyu.

Ina roƙon kowane kansila da wannan wasiƙa ta isa gare shi ya gabatar da ƙudurin wannan doka a zaman majalisa na gaba, kafin a kammala kasafin baɗi, kuma a gayyaci shugabannin ƙungiyoyi, maza da mata, su faɗi ra'ayinsu kafin a zartar. Allah ya yi muku jagora.

Wassalam.
Naku, ɗan ƙungiyar taimakon kai da kai.