Sharhi: Waƙa Ta Hau Intanet, Kuɗinta Sun Maƙale A Hanya

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Duwala zuwa Bangui ya san cewa da yawa daga cikin kayan da ke ƙetare iyaka a Garwa-Bulai, unguwar Kilomita Biyar suke dosa, domin a nan ne babbar kasuwar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya take, kuma a nan ne Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi suka yi kaka-gida tun zamanin Turawa. Amma akwai wata haja guda da ke shiga unguwar ba ta biya duwan, ba ta jiran rakiyar soja, wato waƙa. Ko a ƙarshen 2020 zuwa watan Fabrairu na 2021, lokacin da 'yan tawaye suka datse hanyar, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin iyaka, sababbin waƙoƙin Kano ba su fasa sauka a wayoyin jama'a ba.

Wannan sauƙi ne ya sa matasa da dama masu baiwar waƙa suke ganin cewa da zarar sun ɗora waƙarsu a intanet, kakarsu ta yanke saƙa. Abin tambaya a nan shi ne, idan waƙa ta tafi, ta wace hanya kuɗinta za su dawo? Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa fitar da kaya rabin ciniki ne.

Idan mai karatu bai manta ba, a zamanin kaset mawaƙi yakan sayar da uwar kaset ɗinsa ga 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ko Bata a Kano, ya karɓi abin da ya samu, su kuma su buga su rarraba har zuwa Maraɗi da Garwa da Bangui. Ana ƙorafin cewa 'yan kasuwa sun fi mawaƙa cin moriya, amma dai akwai wanda ake iya bi bashi. Da wayar hannu ta zo da katin ajiya, sai wannan kasuwa ta durƙushe, masu tura waƙa a waya suka maye gurbinta. Yaro zai kafa tebur da kwamfuta, ya cika wa mutum kati da ɗaruruwan waƙoƙi a kan 'yan kuɗi kaɗan, mai waƙar kuwa ko sisi ba ya gani. Ana cikin haka sai manyan kamfanonin sauraron waƙa ta intanet suka iso da alƙawarin biyan mawaƙi a kan kowane sauraro.

Ko shakka babu suna biya. Kamfanin Spotify, wanda ya shigo Najeriya a watan Fabrairu na 2021, ya bayyana cewa mawaƙan ƙasar sun samu sama da naira biliyan 58 daga wurinsa a 2024. Sai dai kaso mafi tsoka na mawaƙan Legas ne da ke da masu sauraro a Ingila da Amurka. Bugu da ƙari, a jerin ƙasashe sama da 80 da kamfanin ya buɗe wa ƙofa a wancan karo akwai Kamaru da Cadi da Nijar, amma babu Afirka ta Tsakiya. Tun daga 2024 kuma, waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin shekara guda ba, ba a biyan ta komai.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Abin da aka fi ambatawa shi ne, sauraro 1,000 kan kawo dalar Amurka 3 zuwa 5 idan masu sauraron suna ƙasashen masu kuɗi, wato abin da bai wuce sefa 3,000 ba, idan kuwa daga ƙasashenmu suke, kuɗin ba su kai haka ba. Kafin nan ma sai mawaƙi ya bi ta hannun dillali, irin su DistroKid ko TuneCore, waɗanda ke karɓar kuɗin shekara ta katin banki mai aiki a ƙasashen waje. A YouTube kuwa, kafin a fara raba kuɗin talla da mutum, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma ba a turo kuɗi sai sun cika dalar Amurka 100. Wannan tsari ma ƙasashen Afirka kaɗan aka buɗe wa, irin su Najeriya da Gana da Senegal da Kenya. Hatta Boomplay, wanda ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Itel da suka cika kasuwanninmu, a ƙarshen 2024 kamfanin Sony ya janye waƙoƙinsa daga cikinsa, rahotanni suka ce saboda jinkirin biya. To idan ruwa ya ci babban kamfani irin wannan, ina ga yaron da ke rera waƙa a ɗaki guda a bayan masallacin Kudukku?

Sai kuma matsalar gida. An ƙaddamar da layin intanet na ƙarƙashin ƙasa da ya haɗa Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Kongo a watan Fabrairu na 2023, da tallafin Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai, kuma an samu sauƙi. Duk da haka masu amfani da intanet a ƙasar ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba, wutar lantarki kuma sai an yi rabo. Wanda ya sayi data da guminsa ba zai ƙona ta wajen maimaita waƙa guda kullum ba, gara ya sauke ta sau ɗaya, ko abokinsa ya tura masa ta Xender ko WhatsApp. Ma'ana, mutum dubu za su iya haddace waƙa a Kilomita Biyar alhali ma'aunin kamfani yana nuna sauraro goma. Gwamnati ta taɓa halatta kuɗin intanet na Bitcoin a watan Afrilu na 2022 da fatan sauƙaƙa hada-hada, amma a 2023 aka janye masa wannan matsayi ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba.

Wannan ba ya nufin mawaƙi ya juya wa intanet baya. Abin da ya faru da waɗanda suka ci nasara ya nuna inda amfaninta yake. Mdou Moctar, Buzun jihar Tawa a Nijar, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, kuma waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a cikin Sahara ba tare da ya samu komai ba. Wannan yawo ne ya kai su kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, wanda ya sa ɗaya daga ciki a wani faifai da ya fitar a 2011, ya kuma nemo mawaƙin don ya ba shi haƙƙinsa. Daga nan ƙofar wasanni a Turai da Amurka ta buɗe masa. A Kano ma, waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta yi tashe ne a 2020, lokacin kullen korona, saboda matan aure da suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka rawarta. A duka biyun, yaɗuwar kyauta ce ta jawo suna, sunan kuma ya jawo gayyata.

Misali na uku ya fi kusa da tunanin ɗan kasuwa. A 2020 Dauda Kahutu Rarara ya ce ba zai saki wata waƙar yabon Shugaba Buhari ba sai magoya baya sun tura masa naira 1,000 kowanne. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan lamarin, wasu na ganin bai dace ba, amma dubban mutane sun tura. Ko me mutum zai ce game da siyasar abin, darasin ciniki a fili yake: ya karɓi kuɗi kafin kaya su fita daga hannunsa, domin ya san da zarar waƙa ta shiga waya guda, ta zama ta kowa.

A nan ne mawaƙin Kilomita Biyar yake da abin da zai kama. Ana tura kuɗi ta waya a Bangui, musamman ta Orange Money, wanda kuma ake amfani da shi a Kamaru, sannan sefa ɗaya ce ke yawo daga Bangui zuwa Ngaundere da Njamena. Idan mawaƙi ya tara masoya 100 a zauren WhatsApp, kowanne ya tura sefa 500 kafin a saki waƙa, ya haɗa sefa 50,000 a hannu. Kafin Spotify ya ba shi wannan adadi, ko da a farashi mafi tsada, sai an saurari waƙar fiye da sau 16,000. Sauran hanyoyin kuma tsofaffi ne da kowa ya sani: bikin aure, suna, taron Mauludi ga masu bege, da waƙar tallar shago ko kamfanin sufuri. Abin da Facebook da TikTok za su yi masa shi ne su kai muryarsa ga mai bikin da ke Bertuwa ko Berberati, shi ya sa lambar wayarsa ta cancanci zama a jikin kowane bidiyo, sunansa kuma ya fito a cikin waƙar kanta.

Wani abin lura shi ne harshe. Mawaƙan Sango, irin su ƙungiyar Zokela da Ozaguin, suna da gidajen rediyo irin su Ndeke Luka da jama'ar ƙasa baki ɗaya. Mai waƙar Hausa a Bangui kuwa 'yan tsiraru yake yi wa a gida, amma kasuwarsa ta miliyoyin mutane ce daga Sudan har Gana. Sai dai a can zai tarar da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ado Gwanja sun riga shi shimfiɗa tabarma. Idan ya kwaikwaye su, asalin za a saya a bar kwaikwayo. Jarinsa shi ne abin da Kano ba ta da shi: Hausar da ta cakuɗa da Sango da Fulatanci, da labarin mutanen da suka ga tashin hankalin 2013 da 2014, suka yi gudun hijira zuwa Kamaru da Cadi, wasu suka dawo suka sake buɗe shaguna.

Su ma 'yan kasuwa akwai rawar da za su taka, kuma akwai riba a ciki. Su ne ke da amintattu a kowace iyaka, su ne ke sauya naira zuwa sefa a kullum, don haka su ne za su iya isar da kuɗin masoyin Kano ko Maraɗi zuwa hannun mawaƙin Bangui. Shugabannin kasuwa kuma za su iya zaunar da masu tura waƙa da mawaƙan unguwa a yanke wani abu da za a riƙa biya a kan kowace sabuwar waƙa. Mai zuba jari a waƙa ya yi rubutacciyar yarjejeniya gaban shaidu: wa ke da waƙar, wa ke da kiɗan, da sunan wa aka buɗe shafin YouTube, kuma nawa ne rabon kowa. Mawaƙin da ya bar wani ɗan uwa a Najeriya ya buɗe masa shafi da sunansa ba tare da takarda ba, ya ba kura ajiyar nama.

Abin mamaki, yarjejeniyar da ta kafa hukumar kare haƙƙin fasaha ta OAPI, wadda ƙasashe 17 ke ciki har da Nijar da Kamaru da Cadi, a Bangui aka sa mata hannu a watan Maris na 1977, kuma sunan birnin take ɗauke da shi. Doka tana nan a takarda, amma kafin ta iso teburin mai tura waƙa, mawaƙi ne da 'yan kasuwar unguwarsa za su tsara yadda gumi zai riƙa komawa ga mai shi. Unguwar da matasanta da yawa suka taɓa shiga ƙungiyoyin 'yan bindiga don rashin abin yi, duk sana'ar da za ta riƙe yaro guda ba abin rainawa ba ce. Allah Ya sa mu dace.