Mu Daina Rage Girman Hoto Don Tsoron Cikar Memori



Duk wanda ya tsaya gaban wannan allo a zangon da ya wuce ya ga hotunan ranar rabon kyaututtuka. Fuskoki sun fito dishi-dishi, har wata yayarmu da ta zo ta ɗaya a lissafi ta kasa nuna wa mahaifiyarta kanta a cikin hoton. Wasu sun ce kyamarar kulob ɗinmu ta tsufa, wasu sun ce mai wanke hoto ne bai iya ba. Gaskiya laifina ne. Ni na riƙe kyamarar ranar, kuma ni na mayar da girman hoto kan mafi ƙanƙanta, wato 640 x 480, don kada memori ya cika.

Daga baya malaminmu na kwamfuta ya yi mini bayani. Kowane hoto ƙananan ɗigo ne aka jera, ana kiran su fiksel. Hoton 640 x 480 yana da ɗigo 307,200 kacal. Idan ana son hoto ya fito tas a takarda, ana buƙatar ɗigo kusan 300 a kowane inci. Ke nan hoton da na ɗauka kusan inci 2 ne kawai a faɗi, kamar fasfo. Mu kuma muka buɗe shi ya cika takardar A4, wadda take buƙatar kusan ɗigo miliyan 9. Dole ya dushe.

Akwai kuma wurin zaɓen inganci. Kyamara tana matse hoton JPEG don ya rage cin wuri, kuma yawan matsi yana ɓata gefen fuska da rubutu.

Saboda haka ra'ayina shi ne a bar kyamarar kulob kullum a kan girma mafi yawa, inda aka sa harafin L, da inganci mafi kyau, inda aka rubuta Fine. Babban hoto ana iya rage shi a kwamfuta ko a yanke gefensa. Ƙarami kuwa ba ya komawa babba.

Na san wasu za su ce memori zai cika da wuri. Mu yi lissafi. Idan hoto ɗaya ya ci megabayit 5, memori mai gigabayit 8 zai ɗauki hotuna sama da 1,500. Wane taro muka taɓa yi da muka ɗauki ko da 300? Abin da ke cika mana memori shi ne tsofaffin hotunan da ba ma kwashewa. A riƙa juye su a kwamfutar makaranta duk ranar Juma'a.

Haka kuma idan za a tura wa mai wankewa ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, domin turawa kai tsaye tana rage hoton.

Ina roƙon Malam mai kula da kulob ya sa wannan cikin dokokinmu kafin gasar wasanni ta gidaje. Ga Yayata da hotonta ya ɓaci, ki yi haƙuri, ki yafe mini. Ranar nan ba za ta dawo ba, amma ba zan sake wannan kuskuren ba.

Daga wani ɗan kulob, aji biyu na ƙaramar sakandare.